Percival Lowell, Mai Neman Mutane A Mars

An haifi Percival Lowell a Boston, ƙasar Amurka, cikin shekarar 1855. Ɗan attajirai ne, ya kuwa yi ilmin lissafi a Jami'ar Harvard. A 1877 wani masanin Italiya, Schiaparelli, ya hangi waɗansu layuka a fuskar Mars, watau maƙwabciyar duniyarmu. Labarin nan ya shiga ran Lowell ƙwarai, har a 1894 ya gina ɗakin duban taurari a Flagstaff, ya duƙufa. Ya ɗauka layukan nan hanyoyin ban ruwa ne waɗanda masu hankali suka haƙa, domin su jawo ruwan ƙanƙara zuwa ƙasarsu mai bushewa. A kan ra'ayin nan ya rasu a 1916.

Da kumbon Mariner 4 ya aiko hotuna a 1965, ba a ga hanya ko ɗaya ba, sai ramuka. Iskar can kuwa ba ta shaƙuwa ga ɗan Adam. Abin lura gare mu shi ne, ido yakan ga abin da zuciya ke so. Amma wahalarsa ba ta faɗi banza ba, gama a ɗakin nan nasa aka gano Pluto a 1930.