Buster Keaton, Mai Ban Dariya Wanda Ba Ya Dariya

An haifi Buster Keaton a ƙasar Amurka cikin shekarar 1895. Iyayensa 'yan wasan ban dariya ne masu yawo gari gari. Tun yana ɗan ƙanƙane ya shiga wasansu. Ubansa ya kan ɗauke shi ya jefar a gaban 'yan kallo, shi kuwa ya koyi faɗuwa ba tare da jin ciwo ba. Ya lura in ya ɗaure fuska mutane sun fi yin dariya, saboda haka ya daina ko da murmushi wajen wasa.

Cikin 1917 ya fara fitowa a majigi. A zamanin nan hotunan majigi ba su magana, sai motsi kaɗai, don haka kowane harshe mutum ke ji ya kan fahimce su. Keaton ba shi da tsoro. A wani wasa na 1928 ya tsaya cik, aka saki bangon gida na katako ya faɗo a kansa. Wurin da ya tsaya daidai yake da wata taga buɗaɗɗiya, sai ya fita lafiya. Da ya gusa kaɗan, da ya halaka.

Bayan an fara hotuna masu magana sai duniya ta juya masa baya. Ya faɗa shan giya, dukiyarsa ta ƙare. Hotunansa kuma suka kusa ɓacewa, gama zaren da ake ɗaukar hoto a kansa a lokacin ya kan ruɓe in ya daɗe, ga shi da saurin kama wuta.

Amma akwai masu sha'awar tara tsofaffin hotuna. Ɗaya daga cikinsu, Raymond Rohauer, ya sadu da Keaton cikin 1954, ya dinga neman hotunansa yana sake buga su. Wani ɗan wasa kuma, James Mason, ya tarar da waɗansu a ɓoye cikin gidan da Keaton ya taɓa zama. Aka sake nuna su, mutane suka yi ta mamaki. Cikin 1960 aka ba shi lambar girma ta Oscar. Ya mutu cikin 1966, yana da shekara 70.

To, yara, ba don masu adana tsohon abu ba, da aikin mutumin nan ya salwanta. Da tsohuwar zuma ake magani.