Mama Margarita, Kakar da Ta Zama Uwar Marayu

Abin karantawa: 1 Timothawus 5:3-10, 2 Timothawus 1:5, Yaƙub 1:27.

Cikin darasinmu na yau mun ga irin gwauruwar da Bulus Manzo ya ce a girmama, watau wadda ta goyi 'ya'ya, ta sauki baƙi, ta taimaki masu shan wahala. Domin kada mu zaci irin waɗannan mata sun ƙare tun zamanin manzanni, bari mu duba labarin wata tsohuwa ta Ekklesiyar Katolika.

An haifi Margarita Okiyena ran 1 ga Afril 1788 a Kapriliyo, wani ƙauyen manoma a arewacin Italiya. Ba ta iya karatu ko rubutu ba har ta mutu, amma ta haddace katekism da addu'o'i, da su kuwa ta tarbiyyantar da gidanta. A 1812 ta auri wani manomi, Faransisko Bosko, wanda matarsa ta rasu ta bar masa ɗa, Antoniyo. Ta haifa masa maza biyu, Yusufu da Yohanna. Cikin watan Mayu 1817 ciwon huhu ya ɗauke mijin, ya bar ta tana da shekara 29, ga yara uku, ga surukarta tsohuwa.

Shekarar kuwa ta yunwa ce. Wata rana abinci ya ƙare ƙaf, maƙwabcin da ta aika kasuwa ya komo da kuɗin a hannu, gama ko da kuɗi ba a samun hatsi. Ta sa yaran suka durƙusa suka yi addu'a, kana ta tashi ta yanka ɗan maraƙinsu, suka ci suka rayu. Daga baya aka nemi aurenta, ta ƙi, domin sharaɗin shi ne ta ba wani riƙon yaran.

Gwajin da ya fi yunwa zafi cikin gida ya fito. Yohanna yana son karatu, Antoniyo kuwa ya ƙi, yana so ƙanensa ya tsaya gona. Da rigima ta yi tsanani, ba ɗan mijinta ta kora ba, ɗan cikinta ta aika ƙodago a gonar waɗansu mutane, yana da shekara wajen 12. Bayan an raba gado, Yohanna ya sami hanyar makaranta, har aka keɓe shi firist a 1841. Tun kafin wannan ta riga ta gargaɗe shi, cewa idan ya zama firist mai dukiya ba za ta taka ƙofar gidansa ba.

A 1846 Margarita ta kai shekara 58, tana zaune a ƙauyen Bekki tsakanin jikokinta, lokacin hutu ya yi ke nan. Sai Fada Yohanna, wanda duniya ta sani da sunan Don Bosko, ya roƙe ta ta bi shi birnin Turin, ta zama uwa ga yaran da ya ke tarawa daga titi. Ran 3 ga Nuwamba suka tafi da ƙafa, tana ɗauke da ɗan kwandonta. Da kuɗi suka ƙare ta sayar da zobenta, kayan aurenta kuma da ta daɗe tana ajiya ta yanka su aka yi tufafin sujada.

Wani dare cikin watan Mayu 1847 ana ruwa, wani maraya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Waɗanda aka saukar a dā sun gudu da barguna, duk da haka ta shanya tufafinsa, ta ba shi abinci, ta yi masa shimfiɗa kusa da murhu, ta yi masa 'yar nasiha kafin ya yi barci. Shi ne na fari cikin yara masu yawa da ta dafa wa abinci, ta yi wa wanki, ta ɗinke musu tsummoki da dare suna barci.

Kada mu ɗauka ba ta gaji ba. Ran da yaran suka tattake lambunta suna wasan yaƙi, ta gaya wa ɗanta za ta koma ƙauye. Bai amsa ba, sai ya nuna mata gicciyen da ke rataye a bango. Ta duba, ta koma bakin aikinta, ba ta ƙara zancen tafiya ba. A 1854, sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa Turin, ta ba da zannuwan gidan domin majinyata, har da na kan bagadi.

Ta rasu ran 25 ga Nuwamba 1856, tana da shekara 68, aka binne ta a kabarin matalauta. A 2006 Fafaroma Benedik na 16 ya tabbatar da nagartar rayuwarta. Ƙungiyar Salesiyawa da ɗanta ya kafa a 1859 ta bazu cikin duniya, har ta iso Najeriya.

Mu ma muna da kakanni irinta, a Kwali da sauran garuruwanmu, waɗanda tukunyarsu ba ta san ɗan gida da baƙo ba. Bari mu girmama su tun suna da rai, mu kuma yi koyi da su.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka ne na 1 Timothawus 5:10 muka gani cikin rayuwar Margarita?
2. Ko ta yi daidai da ta aika ɗanta ƙodago domin a zauna lafiya? Me za mu yi a matsayinta?
3. Wane maraya ne ko gwauruwa a unguwarmu za mu ziyarta cikin makon nan?