Marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina

An haifi Tafida a birnin Katsina a 1943, ɗa ne ga Mutawalle Musa 'Yar'aduwa. Ya samu horon soja a Ingila, kuma bayan kisan Murtala a 1976 shi ne ya zama na biyun Janar Obasanjo.

Amma mu, sai a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP a 1992 muka san nauyinsa. 'Yan jam'iyya suka auna masu neman shugabancin ƙasa, har a Legas suka fifita wannan Bakatsine a kan Jakande, ɗan gida. Babangida ya soke zaɓen, ya hana 'yan takarar sake tsayawa.

Da Tafida ya matsa soja su koma bariki, Abacha ya ɗaure shi a 1995. A kurkukun Abakaliki ya rasu, ran 8 ga Disamba, 1997. Allah ya jiƙansa.