Imamul Gazali: Malamin Da Ya Bar Kujerar Bagadaza Don Jinyar Zuciyarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

An haifi Hujjatul Islam Abu Hamid Muhammadu Al-Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, a garin Ɗus na yankin Kurasana, cikin Iran ta yau, a shekara ta 450 bayan Hijira. Ya yi karatu a Naisabur gaban Imamul Haramaini Al-Juwaini. A shekara ta 484 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi kan kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 34. Kusan ɗalibai 300 ke zama gabansa, ga fatawa, ga rubutun littattafai na raddi, ga shiga fadar halifa. Duniyar malanta ba ta wuce haka ba a zamanin.

Shekara huɗu yana cikin wannan hidima. Sai a watan Rajab na 488 ya juyo ya binciki kansa, ya tarar niyyarsa ta gauraya da son suna da girma. Wata shida ya yi yana kai-kawo: da safe ya ƙudurta barin Bagadaza, kafin dare son matsayi ya warware ƙudurin. Daga nan harshensa ya ɗaure, ya zauna don ba da darasi kalma ta ƙi fita. Abinci ya daina shiga, jiki ya raunana. Likitoci suka duba, suka gano cutar daga zuciya ta faro, ba su da maganinta.

Wannan ciwo ne da ya kamata kowane muƙaddami da liman da mai kula da zawiya ya san da shi. Rijiyar da ake ja dare da rana ba a bar ta ta tara ruwa ba, laka za ta fara bayarwa, kuma masu ɗiba ne na ƙarshe da za su ce a dakata.

Imam bai fita da gaggawa ba. Ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya rabar da sauran dukiyarsa, ɗan uwansa Shehu Ahmadu ya riƙe masa kujera. A Zulƙi'ida ya bar gari, mutane na zaton Makka ya nufa, alhali Sham ce a ransa. Surutu kuwa ya sha shi. Wasu na cewa tsoron mahukunta ne ya kore shi, wasu na cewa kambun baka ne ya faɗa wa Musulmi.

A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallacin Banu Umayya ya kulle ƙofa, ya wuni cikin zikiri. Ya wuce Ƙudus ya yi halwa, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (AS), inda ya yi alkawarin barin zuwa fadar sarakuna da karɓar kyautarsu da jayayyar malamai. Ya sauke farali a 489, sannan kewar ƴaƴansa ta maido shi gida Ɗus, ya ci gaba da keɓewa.

Wanda ya ga kamar an yi asarar malami, sai ya duba abin da shekarun nan suka haifar. A cikinsu ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, babi 40 a kashi huɗu: ibadu, al'adu, halaye masu halakarwa da masu tsirarwa, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu. A ciki ya ware babi guda kan ladubban keɓewa, ya auna amfaninta da illarta, bai ce kowa ya guji jama'a ba.

Shi kansa bai dawwama a halwa ba. A shekara ta 499, bayan kimanin shekara 11, waziri Fakhrul Mulki ya matsa masa ya koma koyarwa. Ya shawarci ma'abota zukata, suka ƙarfafa masa gwiwa, ya hau kujerar Nizamiyya ta Naisabur, wannan karon yana kira zuwa ga barin son girman da ya taɓa kwantar da shi. Daga baya ya koma Ɗus, inda yake da makaranta da zawiya kusa da gidansa, yana raba lokacinsa tsakanin Alƙur'ani da karantarwa da zama da muridai. A nan Allah Ya karɓi ransa ranar 14 ga Jimada Sani, shekara ta 505, yana da shekara 55. Allah Ya ba mu albarkarsa.