Kristian Birkeland, mutumin da ya gano yadda duniya ke kare kanta daga wutar rana

An haifi Kristian Birkeland ranar 13 ga Disamba 1867 a Kiristiyaniya, birnin da ake kira Oslo a yau, a ƙasar Norwe. Bayan ya gama jami'a, ya tafi Paris ya ƙara ilmi wajen Henri Poincaré, sa'annan ya zauna a Jamus wajen Heinrich Hertz, wanda bincikensa ya share hanyar rediyo. A 1898 aka naɗa shi shehun malami a jami'ar garinsu.

A ƙasar tasu, wadda ke can ƙuryar arewa, akwai wani haske da ke bayyana a sama da dare, kore da ja, yana kaɗawa kamar tuta. Mutane sun daɗe suna ganinsa, amma ba wanda ya san mafarinsa. Abin da aka lura da shi dai shi ne, duk daren da ya yi ƙarfi, allurar kamfas takan yi ta rawa. Birkeland ya ɗauri niyyar gano dalili. A 1897 ya hau duwatsun arewa da ƴan rakiyarsa, guguwar ƙanƙara ta kore su, har ɗayansu ya rasa kan yatsunsa. Bai karaya ba. Ya koma ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 bisa dutsen Haldde yana awo, kuma a 1902 zuwa 1903 ya kafa tashoshi huɗu: a Norwe, Aisilan, Spitsbergen da Novaya Zemlya.

Ya kuma gwada abin cikin ɗaki. Ya ƙera ƙwallon ƙarfe mai maganaɗisu a ciki, a matsayin duniya, ya rataye shi cikin akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska, ya harba masa ƙwayoyin lantarki. Sai ƙwayoyin suka karkata, suka taru a ƙuryar arewa da ta kudu ta ƙwallon, suka yi zoben haske. Daga nan ya yanke cewa rana na watso irin waɗannan ƙwayoyi, ƙarfin maganaɗisun duniya ne ke karkatar da su, kuma akwai igiyoyin lantarki da ke gangarowa daga sararin sama ta wajen ƙuryoyin biyu. Ya wallafa haka a 1908.

Ga yadda masana suka fahimci al'amarin a yau. A cikin cikin duniya akwai narkakken ƙarfe da ke juyawa, shi ke mai da ita kamar ƙaton mayen ƙarfe. Ƙarfin nan ya kai wajen kilomita 60,000 ta fuskar rana, ya kuma ja dogon wutsiya ta bayan duniya. Idan rana ta yi aman wuta, haskenta kan iso cikin minti 8. Shi maganaɗisu ba ya tare shi, iskar sama ce ke shanye shi, kuma a lokacin ne rediyo mai gajeren zango kan ɗauke da rana tsaka. Amma gajimaren ƙwayoyin da ke biyo baya, bayan kwana ɗaya zuwa uku, garkuwar ce ke kau da mafi yawansu, kamar yadda ruwan kwari ke rabuwa idan ya ci karo da dutse. Kaɗan da ke zurarowa su ke haifar da hasken arewa. Duniyar Mirrihu ta rasa irin wannan garkuwa tun da daɗewa, kuma iskarta ta zama ƴar kaɗan.

Bincike na cin kuɗi, Birkeland kuwa ba shi da su. Don haka ya ƙera wata igwa mai aiki da lantarki don ya sayar. Ranar nuna ta a 1903 sai ta yi tartsatsi mai ƙara kamar aradu gaban jama'a. Wannan abin kunya ya zama alheri, domin irin tartsatsin ne shi da Sam Eyde suka yi amfani da shi wajen ciro sinadarin da shuka ke bukata daga iska, suka mai da shi takin zamani. A 1905 aka kafa kamfanin Norsk Hydro a kan wannan dabara. Daga baya hanyar Haber da Bosch ta maye gurbinta, amma manomin Tasawa ko Mayahi da ke zuba taki a gonar hatsinsa yana cin moriyar masana'antar da Birkeland ke cikin masu aza harsashinta.

A 1913 ya koma Misira, ya kuma je Sudan, don nazarin wani haske mai tsayuwa kamar ginshiƙi a gabas kafin asuba, wanda malamai ke kira alfijirin ƙarya. Yaƙin duniya na farko ya tsare shi nesa da gida. Aurensa ya riga ya mutu tun 1911, barci ya ƙaurace masa, ya dogara ga maganin barci. Ya nufi Japan, inda aka iske shi ya rasu a masaukinsa a Tokiyo ranar 15 ga Yuni 1917, yana da shekara 49. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai taɓa samu ba.

Shekaru hamsin bayan rasuwarsa manyan masana, musamman Sydney Chapman na Ingila, suna musanta batunsa, don ba a iya tabbatar da shi daga ƙasa. Sai da taurarin ɗan adam suka tashi: a 1962 kumbon Mariner 2 ya auna iskar rana, daga baya aka sa wa igiyoyin lantarkin nan sunan Birkeland, awon tauraron Triad kuma ya tabbatar da su a shekarun 1970. A 1994 Norwe ta sa hotonsa a takardar kuɗinta ta krona 200.

Garkuwar ba ta tare komai da komai. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lantarki a lardin Kebek na Kanada har wajen awa 9. Saboda haka ake sa wa rana ido dare da rana, ana gargaɗin masu jiragen sama, da masu kula da lantarki da taurarin sadarwa, bisa ilmin da Birkeland ya fara tattarawa cikin sanyin dutsen Haldde.