John Hutchinson: Likitan Da Ya Auna Numfashin Ɗan Adam

Duk likitan da ya miƙa wa majinyaci bututu ya umarce shi da ya hura iyakar ƙarfinsa, gadon John Hutchinson yake ci, ko ya sani ko bai sani ba. An haife shi a 1811 kusa da Newcastle, yankin haƙar kwal a arewacin Ingila, ya kuma koyi aikin likita a Landan.

A 1846 ya fitar da sakamakon bincikensa. Na'urar da ya ƙera ba ta da wani sarƙaƙiya: gwangwani ne aka kife cikin ruwa, mutum ya hura, gwangwanin ya ɗaga, a karanta yawan iskar. Da ita ya auna mutum 2,130, ciki har da sojoji da 'yan dambe da matalauta da masu tarin fuka. Ya gano cewa tsawon mutum ne ke nuna yawan iskar da ya kamata huhunsa ya ɗauka, kuma tarin fuka kan rage ta tun kafin likita ya ji komai a ƙirji. A ganina, nan darajar aikinsa take. Charles Freeman, wani ƙaton ɗan dambe Ba'amurke, awonsa ya ragu alhali likitoci ba su ji alamar cuta a ƙirjinsa ba. A 1845 tarin fuka ya kashe shi.

Abin mamaki, a 1852 Hutchinson ya bar iyalinsa da aikinsa a asibitin Brompton, ya nufi Ostareliya lokacin da ake rububin zinariya. Ya rasu a Fiji a 1861, yana da shekara 50.