Robert Goddard

Robert Hutchings Goddard (5 ga Oktoba, 1882 – 10 ga Agusta, 1945) masanin fiziks ne ɗan Amurka, haifaffen Worcester a jihar Massachusetts. An fi saninsa da harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa, ranar 16 ga Maris, 1926. Kimanin mita 12 kawai ta tashi.

Tura kumbo da lantarki

Tun a 1906 ya fara rubutu kan tura kumbo da lantarki. A 1916 da 1917 ya yi gwaji a Jami'ar Clark: a caja ƙwayoyin iska su zama ayon (asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta mai tafiya), sai a fesar da su ta baya. Turin ba shi da ƙarfi, ba zai ɗaga kumbo daga ƙasa ba. Amma can sama babu iskar da za ta tare kumbon, don haka in injin ya yi watanni yana aiki, gudu yana ta ƙaruwa, ga shi ba ya shan mai sosai.

Ciwon dajin maƙogwaro ya kashe Goddard a Baltimore, bai ga irin wannan inji a sararin samaniya ba. Da shi kumbon Dawn, wanda aka harba a 2007, ya isa Vesta da Ceres.